Ƙofar da Ta Lotsa

"To ina gudumar, Baba?" na tambayi dattijon da ke gyaran mota.

"Guduma? 'Yata, faɗa kika kawo ko gyara?"

Na dubi motar da na kawo. Motar mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, shuɗiya, fentinta na asali. Umma ba ta iya tuƙi ba, amma kullum da safe sai ta goge ta da hannunta. Ni kuwa yau na ja baya na goga ƙofar da turken ƙarfe, ta lotsa kamar an danna tafin hannu. Umma ba ta sani ba. Mai fenti ya ce sai an kankare an fesa sabo, kuma launin ba zai zo daidai ba. Shi ya turo ni wurin wannan tsoho, Mai Sanduna.

Ya sauke gilashin ƙofar, ya zura wata siririyar sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai ta ciki. Ya jingina allo mai zanen layuka fari da baƙi a gefe. Abin mamaki, ba lotsawar yake kallo ba. Inuwar layukan yake kallo a jikin fentin, inda suka karkace kamar hoto a cikin ruwa.

"Daga gefe ake farawa," ya ce. "In ka tura tsakiya, sai ta yi fushi ta fito da ƙari."

"Wa ya koya maka?"

"Kwanon tsohuwata. Mai furanni ne, na yar da shi ya loɓa. In na buga ta waje fentin zai ɓare, ni ma a ɓare ni. Sai na bi shi ta ciki da gindin cokali, kaɗan-kaɗan." Ya yi dariya. "Tsoron bulala ne malamina."

Ya ci gaba da turawa, turin da ko ƙwai ba zai fasa ba. Ɗari, ɗari biyu, na daina ƙirgawa. Layukan nan suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Na sha karanta labaran masu sihiri, ban taɓa zaton zan ga ɗaya sanye da silifas ba.

Da ya zare sandar, na shafa wurin. Sumul! Na durƙusa na leƙa ta gefe, sai fuskata na gani, da hawaye.

"Shi ke nan," ya ce yana goge hannu. "Ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ba. Asirinki ya rufu."

Na tsaya riƙe da makulli. Idan na yi shiru, wa zan ba labarin abin da idona ya gani? Gobe Umma za ta goge wannan ƙofar, ba ta san irin hannun da ya taɓa ta ba.

"A'a, Baba," na ce. "Zan gaya wa Umma komai. Kuma gobe zan kawo ta ta gan ka."