Taku Hamsin da Ido a Rufe

Ni ne Sallau magini na Dakko. Ban taɓa zama aji ba, amma daga Bakura har Kaya da wuya ka sami unguwar da ba a zuba gero cikin rumbun da na gina ba. Shekara hamsin da biyu ina tsayawa kan bakin rumbu, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, maza takwas na miƙo mini jinka daga ƙasa. A da, ranar ɗora jinka har fura mata ke damawa, ana yi mini kirari. Na ga fari, na ga kwalara, ban faɗi ba.

Bana jiri ya fara ɗibata in na ɗaga kai. Ɗiyata Ummulkhairi ta kulle tsanina a ɗakinta, ta ce ba ni hawa sai likita ya yarda. Ga kaka ta matso, mutum uku na jiran rumbu. Dole munka tafi asibiti a Talata Mafara.

Likitan ya ce in haɗe ƙafafu in rufe ido. Na tsaya ƙyam. Na ce, "Ɗana, in da saura kawo."

Ya ce, "Akwai, Baba. Miƙe hannuwa gaba, ka yi ta taku wuri ɗaya har hamsin. Kar ka buɗe ido."

Na fara ina kallon ƙofa. Da na buɗe ido, taga na gani.

Ya ce, "Ka juya hagu, Baba."

Na ce, "To mi? Ka taɓa ganin an taka kwaɓin ƙasa a tsaye wuri ɗaya? Zagayawa ake yi, in ba haka ba gefe ya bushe. Ƙafata aikinta ta tuna."

Ummulkhairi ta ce, "Baba, nan siminti ne."

Likita ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce to a bar ƙafa, a tambayi ido. Ya zaunar da ni kan gado, ya karkata kaina hagu, ya kwantar da ni baya da sauri. Rufin ɗakin ya kama gudu. Sai na ji hannuna ya damƙe rigarsa, ni da ban taɓa riƙe kowa a sama ba.

Ya ce idona na rawa, kuma daga can cikin kunnen hagu ne, wurin da ke riƙe wa mutum tsayuwa. Yana gyaruwa, in ji shi, amma ban da hawa sai an sake gwaji.

A mota kan hanyar gida, da munka wuce gonakin shinkafa, na ce wa Ummulkhairi ta aika wa ƙanena Maiwada.

Shi ya hau bana. Ni ina ƙasa kan turmi, ina gaya masa inda zai sa ƙafa, yana cewa, "Yaya, na ji." Jinkar ta ɗan karkace, amma ta zauna.