Ɗan Ƙarfen da Zakka Ya Ƙi Jefarwa

Zakka bakanike ne a bakin hanyar Abuja, nan Keffi, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shekara ashirin da shida ke nan rabonsa da kuskure. Yana da aƙida guda da ya riƙe hannu bibbiyu: ƙarfen da ya zo da mota daga kamfani, wanda 'yan gareji ke kira folo-kam, ya fi duk wani sabon da ke cikin kwali, komai tsufansa. Ya sha yi wa mutane wa'azi a kan haka ba tare da sun tambaye shi ba.

Ran wata Talata aka janyo masa motar Malam Abdulmumini da igiya daga wajen Garaku. Malam tsohon malamin makaranta ne, motar kuwa 'yar kwatano ce da ta ci hanya fiye da kilomita dubu ɗari huɗu. Ya ce jar fitilar mai ce ta kama, injin ya soma ƙaf-ƙaf, shi kuwa ya kashe nan take.

"Kashewar nan ita ta cece ka, Malam," in ji Zakka. "Sauran kuma ka bar mini."

Ya zare sandar auna mai, ya ga baƙin mai cike. Ya canza makunnin fitilar, ta ƙi mutuwa. Ya buɗe murfin saman inji aka tayar na ɗan lokaci, ko ɗigo bai ga yana hawowa ba. Ya kwance kwanon ƙasan inji, rariyar mai tsaf take, babu abin da ya toshe ta. To, mai yana nan amma ba ya tafiya, ashe famfon mai ne ya gaji. Zakka ya ji daɗin kansa ƙwarai.

Ya nufi layin masu kayan gyara, shagon Monday, abokinsa tun suna samari. Monday ya miƙo masa kwali. A ciki akwai famfo, da kuma wani ɗan sanda na ƙarfe mai kusurwa shida, tsawon yatsa, wanda inji ke juya famfon da shi. Da ya koma gareji Zakka ya ɗaga sabon sandan, ya taɓe baki, ya wurga shi cikin gwangwanin tsofaffin notuna. Ya zaro na tsohon famfo, ko gogewa bai yi ba balle ya duba, ya cusa. Ai folo-kam ne.

Aka ɗaure komai, aka zuba mai, aka tayar. Fitila ja zur.

Nan fa jinin Zakka ya hau. Tunda shi ba ya kuskure, dole wani ne ya yi. Ya sake kwancewa, ya ɗauki famfon a cikin kwalinsa yana ɗigar mai, ya tafi layi ya dire shi a kan kantar Monday, ya buɗe murya yadda har masu sayar da taya a ƙarshen layi suka jiyo.

"Ni za ka sayar wa jabu? Ni, Zakka? Ashe haka kake cutar mutane shekara da shekaru!"

Monday ya leƙa cikin kwalin, ya ɗago ya dube shi. "Mutumina, shigo ciki mu yi magana."

"Ba na shiga! A nan kowa zai ji!"

Kowa kuwa ya ji. 'Yan layin suna da ƙa'ida: in babban bakanike ya zargi wani da jabu a bainar jama'a, ƙungiya na garƙame shagon har a zauna. Aka sa wa ƙofar Monday kwaɗo, aka ce zama sai Juma'a. In aka tabbatar, zai bar layin ke nan.

Washegari Zakka ya sayo wani famfon a wani shago, ya sake cusa tsohon sandansa mai albarka, ya tayar. Fitila ja zur. Wannan karon bai sami wanda zai zaga ba. Ya cire kwanon, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya sa sifana yana juya injin da hannu yana kallo. Inji na juyawa, famfo ko motsi. Ya zaro sandan, ya goge da tsumma, ya ɗaga shi wajen haske. Kusurwa shidan nan duk sun cinye, kan ya zama mulmul kamar alli, yana ta zamewa cikin raminsa bai kama komai ba.

Ya daɗe kwance a wurin. "Sannu, Zakka," ya ce wa kansa. "Sannu, gwanin gwanaye." Sannan ya rarrafa ya zazzage gwangwanin notuna a ƙasa, ya tsinto sabon sandan Monday. Ya sa, ya ɗaure, ya tayar. Kafin ya ƙifta ido fitila ta mutu, injin ya lafa yana tafiya sumul.

Malam Abdulmumini ya zo da la'asar, ya kasa kunne, ya yi hamdala. "Ashe dai famfon Monday ɗin jabu ne," ya ce. "Allah ya tona asirinsa."

Zakka ya ce, "Uhm."

Wannan uhm ɗin ya hana shi cin tuwo kwana biyu. Babu wanda ya ga sandan sai shi. In ya yi shiru sunansa na nan fes, Monday kuwa ya kwashe kayansa. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ƙi haɗa ido da madubi, domin ya san ya so ya yi shirun.

Ran Juma'a da safe 'yan layi suka taru a rumfar ƙungiya. Ciyaman ya ce mai ƙara ya yi bayani. Zakka ya miƙe, ya fito da mulmulallen sandan daga aljihu, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ga jabun. Ga kuma wanda ya sa shi. Famfon Monday lafiyarsa ƙalau. Sabon sanda ya ba ni, na jefar, na sa wannan har sau biyu. Shekara ashirin da shida ina kwanciya a ƙarƙashin mota, ashe barci nake yi."

Aka kwashe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Sandan ya zaga hannu-hannu. Ciyaman ya girgiza kai ya ba da makulli.

Zakka ya bi Monday zuwa bakin shago, ya tsaya yana murza hula. "Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Monday yana kokawa da kwaɗon, bai juyo ba. "Ai na sani tun ran Talata. Na san halinka, na san folo-kam ɗinka ka mayar. Shi ya sa na ce ka shigo ciki."

"To me ya hana ka faɗa a gaban mutane? Da ba a rufe maka shago ba."

Kwaɗon ya buɗe. Monday ya juyo, idanunsa sun yi ja.

"Da na faɗa, da sunanka ya lalace a layin nan. Ni na tsaya na tuna da naka sunan, Zakka."

Ya ɗaga ƙofa ya shiga ya fara share ƙurar kwana uku. Zakka ya tsaya a waje, ya rasa inda zai sa hannuwansa.