Ledar da Na Danne da Dutse

Saura kwana tara mu tashi daga ɗakinmu. Mai gidan ya sayar, wanda ya saya zai rushe ya gina shaguna, har an juye yashi a ƙofar gida muna tsallakawa da ƙafa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙirjin 'yata. Shekararta biyu da rabi, muna ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta, kuma tun tana wata takwas in ta kwana a wuri mai danshi sai numfashinta ya riƙa fita kamar ana busa usur. Likita ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, a samar mata ɗaki busasshe mai taga.

Babanta facin taya yake yi a bakin titi. Ni kuma shara da goge-goge nake yi a wani ƙaramin asibiti. In aka haɗa abin da muke samu, ɗaki ɗaya ne ƙarfinmu, shi ma a gidan haya mai yawan jama'a.

Dillalin da aka haɗa mu da shi ana ce masa Mai Makullai, don tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, kafin ka gan shi ka ji shi. A kwana uku ya nuna mini ɗaki shida. Na farko an ajiye gawayi a ciki, ba taga ko ta leƙen rana. Wani a ƙarƙashin bene yake, sai ka sunkuya ka shiga kamar mai neman gafara. Akwai wanda na leƙa banɗakinsa na ga tsutsotsi suna hawa bango a jere, na fito da gyale a hanci.

"Hajiya, ke fa kina da tsirfa," in ji shi.

"Malam, ban je ko'ina ba tukuna, bar ni a Maman Tsigi. Kai za ka kwantar da ɗanka a nan?"

"Ɗana ai ya girma, ko'ina kwana yake."

Rana ta huɗu da sassafe ya zo da fara'a, ya ce Allah ya kashe ya ba ni. Muka tafi har da Baban Tsigi. Ɗaki ne a ƙuryar wani gida mai ɗakuna takwas, an shafe shi da sabon shuɗin fenti, ga taga babba, ga siminti sumul. Kuɗin ma bai kai na ɗakin gawayin ba. Matan gidan suka fito tarbarmu kamar mun dawo daga doguwar tafiya. Wata ta kawo ruwa, wata ta ɗauki Tsigi tana cewa ga kishiyarta ta zo. Wata tsohuwa da duk gidan ke kira Inna ta riƙe hannuna.

"'Yata, ki shigo kawai. Gidan nan lafiya lau, ba faɗa ba gulma."

Baban Tsigi ya dube ni yana murmushi, irin murmushin wanda aka sauke wa kaya. Ni kuwa hancina ya riga ya tsaya a wani wuri. Ɗakin yana ƙamshin maganin wanke banɗaki, mai ƙarfin nan da ke sa ido ruwa. Shekara huɗu ina zuba shi a wurin aiki, na san ba a malala shi haka sai inda akwai abin da ake so a danne. Wa zai wanke ɗakin da ba kowa da maganin banɗaki?

A ɗakin ajiyar asibitinmu akwai abin da muke yi kafin mu jera kwalayen magani a ƙasa. Mukan shimfiɗa leda a kan siminti mu danne gefunanta, mu bar ta ta kwana. In ƙasan na tsotso ruwa, da safe za ka ga gumi a cikinta. Na zaro ledar da nake sa wandon Tsigi, na farke ta, na shimfiɗa a lungun bangon baya, na ɗebo duwatsu huɗu a tsakar gida na danne.

"Wannan kuma na mene ne? Asiri?" Mai Makullai ya tambaya yana dariya.

"Alama ce, nan zan sa gado. Gobe zan zo in auna. Ka bar makullin wurin Inna."

A hanya Baban Tsigi ya fara.

"Don Allah kada ki ɓata mana wannan. Saura kwana biyar fa. Ko a shagon faci kike so mu kwana, ke a kan taya ni a kan taya?"

"Kwana ɗaya kawai na roƙa. In leda ta bushe, ni zan fara ɗaukar tukunya."

Washegari na tashi daga aiki da azahar, na goya Tsigi na tafi ni kaɗai. Lokacin duk gidan an yi wanka an yi wanki, rana ta take. Tun daga zaure wari ya tare ni, wari mai nauyi da ke zama a maƙogwaro. Inna ta miƙo mini makulli ba ta dube ni ba.

Na kwance Tsigi na bar ta a bakin ƙofa, na shiga. Ƙamshin jiya ya gudu. Na ɗaga leda. Ruwa ne ƙwaya-ƙwaya a cikinta, simintin ƙarƙashinta ya yi baƙi, ya jiƙe sharkaf. Na kai ledar kusa da hanci, warin masai ne, na yi waje da gudu na tofar a kwata. Na koma na sa farce a fentin ƙasan bango, ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ga baƙin naso a bayansa yana tsatsafa.

Na zagaya bayan ɗakin. Ramin masai na gidan gaba ɗaya a jikin bangon yake. Murfinsa ya tsage, ya cika ya tumbatsa, ƙudaje kore sun yi masa rumfa. Daidai inda zan sa kan 'yata.

Na dawo tsakar gida. Matan jiya duk sun shige ɗaki, sai Inna a kan tabarma tana tsince wake.

"Inna, kin san da wannan."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

"Jiya kika riƙe hannuna kika ce mini 'yata. Wa ya tashi daga ɗakin nan?"

"Wata ce mai jego," ta faɗa a hankali. "Jaririn ne tari ya ƙi sakinsa."

"Kuma kuka ɗauki tawa kuna mata wasa."

Ta ajiye faranti. "Mai gidan ya ce ba zai kira masu kwasa ba sai an kama ɗakin, da kuɗin sabon ɗan haya za a kwashe. Wata biyar muna shaƙar abin nan. Mu ma da yara a gidan."

Na gane abin da take faɗa, amma ganewar ba ta rage mini ƙyama ba. Ruwan da suka ba ni jiya ma ji na yi yana taso mini. Ko an kwashe ramin, bangon ya riga ya sha, zai shekara yana amayarwa.

Ina fita na ci karo da Mai Makullai, ƙugunsa na kaɗawa. Na ɗaga masa ledar a fuska, ya ja da baya.

"Haba Hajiya! A kuɗin naki har ƙamshi kike nema?"

"Busasshen wuri nake nema. Riƙe alamarka."

Na sa masa ita a hannu. Daga nan na wuce shagon faci. Baban Tsigi ya fara faɗa tun ban rufe baki ba, na ce ya je ya shaƙa da hancinsa ya dawo mu yi magana. Ya hau keke ya tafi. Da ya dawo ya wanke fuska sau biyu da ruwan gwada tayu, ya ɗauki Tsigi ya ɗora a cinya.

Saura kwana biyu wata abokiyar aikina ta kai ni wurin kawunta, tela, can ƙarshen gari. Yana da ɗaki a saman shagonsa inda yake tara ƙyallaye. Ƙarami ne, gadonmu ba zai shiga ba sai dai katifa. Ruwa sai an hau da shi matakala goma sha bakwai, kuma tafiyar kusan awa ce zuwa asibiti. Ba fenti, ba ƙamshin komai sai na yadi. Na roƙi tela leda, na shimfiɗa a lungu, na danne da tsofaffin almakasai biyu da dutsen guga.

Da safe na hau da Tsigi a baya, na ɗaga. Ƙura ce kawai. Na shafa tafin hannuna a simintin, na sake shafawa, sannan na leƙa ta taga na ƙwala wa babanta kira ya fara sauke katifa daga kurar dakon da ya turo kayanmu a kai.

Da la'asar Tsigi ta yi barci a tsakiyar ƙullin kaya. Na bar jera tukwane na durƙusa, na kara kunnena a bayanta. Ƙarar keken tela na tasowa daga ƙasa, sai da na toshe ɗaya kunnen kafin na ji numfashin nata, yana shiga yana fita ba usur.