Kwandon Tsumma

A cocinmu in aka ce ranar aikin sa kai ce, kowa ya san inda zai tsaya. Mai kemis yana duba magungunan da aka kawo ko kwanansu ya ƙare, direba yana jigila, matar fasto ta buɗe da addu'a sannan ta koma sa ido. Ni tela ce, don haka teburin tufafi nawa ne. Shekara shida ina kansa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin sarautar.

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muke taruwa a ɗakin da ke bayan coci, inda ake jibge karyayyun kujeru. 'Yan ikilisiya su kawo kayan da suka daina sawa, a zube a kan dogon tebur, ni in raba su kwando uku. Na farko na kayan da za a kai gidan marayu da gidan tsofaffi yadda suke. Na biyu na waɗanda zan tafi da su shago in sa maɓalli ko in kama ɗinki. Na uku na tsumma ne: duk abin da ya wuce gyara sai in yayyanka shi, a kai wa ƙaramin asibitin kyauta na unguwa su riƙa goge ƙasa.

A kwando na ukun nan nake baje kolina. Allah ya ba ni baki, ni kuma ban taɓa yi masa rowa ba. In na ɗaga wata yagaggiyar riga na fara yi mata kirari, har masu ɗaure kwali sukan saki igiya su matso. Ina gaya wa kaina kishin mabuƙata ne yake sa ni, tun da talaka ba juji ba ne da kowa zai kwaso sharar ɗakinsa ya zuba masa. Da gaskiya a ciki. Amma dariyar da ake yi mini ta fi gaskiyar daɗi.

A gefena kullum Malama ce take tsayawa tana ninke abin da na raba. Ita ta koya mini karatu a firamare, ita kuma ta fara wannan aikin tun ina yarinya, da kwali ɗaya a ƙofar coci. Ta daɗe da yin ritaya, mijinta ya rasu, ba ta da yawan magana. Ran Lahadi ma benci ɗaya muke zama, kafaɗata na gogar tata.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi, ɗakin kuma ya cika da mutane har ya ɗau zafi. Kaya sun yi yawa, hannuna na ta aiki. Can na jawo wata rigar sanyi ruwan toka daga bakin tebur. Gwiwar hannu biyu duk faci, kowanne da irin ƙyallensa. Wuyan an cike shi da zare kala uku. Maɓallai biyar, babu biyun da suka san juna.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah!" na ce, na ɗaga ta sama. "Wani ya kawo mana wannan, yanzu haka yana gida yana jiran lada."

Aka fara dariya. Ni kuwa kamar an zuga ni.

"Wannan ko akuya ka sa wa sai ta kai ka ƙara. Ku dubi ɗinkin, don Allah. Mai shi da ƙafa ya riƙe allurar."

Direba ya dafa bango yana dariya. Matar fasto ta rufe baki da hannu tana cewa in ji tsoron Allah, amma kafaɗunta na rawa. Sai na juya wajen Malama, don in cika wasan.

"Malama, ke da kika koya mana ladabi, me za a yi wa mai wannan rigar?"

Ta yi ɗan murmushi, idonta a kan zanen da take ninkewa. "Sai a sa shi a addu'a," ta ce.

Ƙa'idar teburin ita ce a lalube aljihu kafin a taɓa almakashi, kuma ni na kafa ta. Ranar ban lalube ba, hankalina yana wajen masu dariya. Na sa almakashi na raba rigar gida-gida, na watsa a kwando na uku, na jawo ta gaba.

Da la'asar aka watse. Direba ya tafi da kayan gidan marayu, ya ce zai dawo ya ɗauki buhun da aka juye tsumman a ciki. Ina haɗa almakashina na ga Malama ba ta tafi ba. Tana ta goge teburin da an riga an goge. Sai da ƙarar takalmin mutum na ƙarshe ta ɓace sannan ta matso.

"'Yata," ta ce a hankali, "makullin ɗakina yana cikin aljihun."

"Wane aljihu, Malama?"

Ta dubi buhun da ke bakin ƙofa. Sai a lokacin na lura da hannuwanta, ba komai a kansu sai 'yar rigar atamfa mai gajeren hannu. Zafin ɗakin ne ya sa ta cire rigar sanyinta ta ajiye a bakin tebur, inda take ajiye ta ko yaushe.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Muka durƙusa mu biyu muka zazzage buhun a ƙasa, muna tona tsummokara kamar kaji. Ita ta gano ƙyallen aljihun. Makullin yana ciki, ta maƙale shi da fil don kada ya faɗi.

Na ruga kwando na biyu na ciro wata rigar sanyi mai kyau, maɓalli ɗaya kawai ta rasa. "Malama, don girman Allah ki sa wannan, ana ruwa."

"Waɗannan suna da masu su," ta ce. Ta ɗaure makullin a bakin zanenta ta fita cikin yayyafin.

Da ba don makullin nan ba, da har abada ba za ta ce komai ba. Wannan tunanin ya fi komai ci na. Na tsince guntayen rigar ɗaya bayan ɗaya na zuba a jakata, na mayar da sauran cikin buhu kafin direba ya dawo.

Ran Lahadi wurinta a benci babu kowa. Lahadin da ta biyo ma haka. Matar fasto ta ce ta leƙa ta, mura ce ta kama ta, a sa ta a addu'a. Na sunkuyar da kai tare da kowa, amma ni na san inda murar ta samo asali. Tsorona shi ne kada matar da ta kafa aikin nan ta bar cocin saboda bakina, ba tare da kowa ya san dalili ba.

Kwana uku na ajiye ɗinkin mutane na zauna a kan rigar. Guntaye goma sha ɗaya ne. Na shimfiɗa su a teburin yanka ina haɗawa, na bi kowane yanka da hannu, don keken ɗinki zai tattare saƙar. A nan na ga facin da na yi wa dariya da kyau. Ɗinki ne ƙanana, a jere, na mai haƙuri wadda idonta ya fara rauni. Ban canza ko ɗaya ba.

Na same ta da rana a ɗakinta, tana zaune a bakin gado ta yafa bargo. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ranar. Gado ne, da kujera ɗaya, da kantar littattafai, da 'yar akwati a ƙarƙashin gadon. Na durƙusa na ajiye rigar a cinyarta, na ce ta yafe mini, na ƙara cewa ta yafe mini, don ban zo da wata maganar ba.

Ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa kamar tana duba littafin ɗalibi.

"Hannunki ya fi bakinki tarbiyya," ta ce. "Tashi ki zauna, na yafe. Coci kuma zan dawo in tarin ya sake ni, ai ba don ke nake zuwa ba."

Na fara share hawaye ina godiya. Ta ɗaga hannu, irin ɗagawar da take yi a aji in ba ta gama ba.

"Abin da kika faɗa a kan rigar ba ƙarya ba ne, ta tsufa. Ba shi ya hana ni barci ba. Shekara shida ina tsaye a gefenki da ita, ran Lahadi ina zaune kafaɗa da kafaɗa da ke. Ke tela ce. Ba ki taɓa ganinta ba sai da babu mutum a ciki."

Na rasa inda zan sa idona.

"Rufe idonki," ta ce.

Na rufe, kamar 'yar aji biyu.

"Ni ina damanki a benci. Matar da ke zama a hagunki, mai yara biyun nan, wane irin takalmi take sawa?"

Na yi ta lalube a cikin kaina. Na san muryarta in ana waƙa, na san tana yawan makara. Malama ba ta ce in buɗe ido ba, ni kuma ko sau ɗaya ban taɓa duban ƙafar matar ba.