Na'a-na'ar Muhsina

Hure ba muguwar uwa ba ce, sai dai in ta riƙe magana ko Malam mijinta ba ya iya ɓamɓare ta. Da gashi ya fara tsiro wa 'yarta Muhsina a haɓa, murna ta yi. A gidansu can Ɗanbatta, cewa ake mace mai gemu arziki ke binta, kuma kakar Hure mai gemu sai da ta tara shanu.

Ita kuwa Muhsina, mai koyarwa a Islamiyyar unguwarsu a Tsanyawa, baƙin ciki ne ya ishe ta. Ɗalibai sun daina kallon allo, haɓarta suke kallo. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce mata sinadaran jikinta ne suka rikice, ta riƙa zuwa ana duba ta, ta kuma gwada shayin na'a-na'a safe da yamma. Muhsina ta samo iri ta dasa bayan rijiya, ta kewaye da kara.

Hure ta ga za a wanke arzikin 'yarta da ruwan zafi. Rannan da hantsi ta kwance akuya, ta ɗage kara ɗaya, akuya ta shiga ta cinye na'a-na'ar. Muhsina ta sake dasawa, akuya ta sake shiga. Daga na uku Muhsina ta haƙura, asibitin ma ta daina zuwa.

Gashin ya yi kauri. Ta ajiye koyarwa, ta daina zuwa suna da biki, ko gaisuwar mutuwa sai ta aika. Damina biyu tana ɗaka, arzikin da ake jira ko kaza bai kawo ba. Da Hure ta ji an ba wata ajin Muhsina, nadama ta kama ta har tuwo ya daina wuce mata.

Ta sami Muhsina tana tsince wake, ta durƙusa kamar ita ce 'yar.

"Muhsina, akuyar nan ba ita ta kwance kanta ba. Ni ce."

Muhsina ba ta ɗago ba.

"Na sani, Inna. Tun a karo na biyu na hango ki ta taga."

"To me ya hana ki magana?"

"Na ɗauka in kika ga na sake dasawa, za ki gane yadda abin yake damuna."