Gadon da Na Roƙa a Yi Mini Mummuna

Duk wadda ta leƙo ɗakinmu sai ta ce, "Kai, matar kafinta, kina shanawa!" Ni dai sai in yi yaƙe. Wallahi ko ƙafar kujera a ɗakin nan ba tamu ba ce.

Shagon maigidana 'yar rumfa ce a bakin titi, kuma tana yoyo. Duk abin da ya ƙera, in mai shi bai cika kuɗi ba, gida yake kwasowa ya ajiye. Da haka muka ƙawata ɗaki. Muna zama a kujerun mutane da ledarsu a jiki, ina bin yara da tsawa kada su zuba ruwa a teburin wani. Ranar da mai kaya ya samu hali, sai dai mu ji mota a ƙofar gida. An taɓa zuwa ɗaukar kujeru ina da baƙi, suka miƙe da kofuna a hannu, muka ƙarasa hirar a tsaye. 'Yata kuwa ta saba, da ta ji ƙarar mota sai ta tattara littattafanta daga tebur ta koma ƙasa.

Abin da yake namu na kanmu shi ne katifa, ita ma a ƙasa take. Da cikin da nake ɗauke da shi ya tsufa, tashi daga kanta ya zame mini aiki. Sai na mirgina, na durƙusa, na dafa bango, bayana kamar zai ɓalle. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wata safiya ina durƙushe a haka na ce, "Baban yara, ka yi mini gado. Amma don girman Allah ka yi shi mummuna."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Mummuna kuma?"

"Mummuna. Wanda in mutum ya gani zai kau da kai. Shi kaɗai ne zai kwana biyu a gidan nan."

Bai sayi komai ba. Guntayen katakon da suka rage daga ayyukan mutane ya tattaro, wani ja, wani fari, wani baƙi-baƙi, ya harhaɗa a tsakar gida bayan ya taso daga shago. Gado ya fito faci-faci, ga kaushi. Na ce madalla, haka nake so. Ranar farko da na sauko da ƙafafuna ƙasa na miƙe ba tare da na dafa komai ba, sai da na yi ƙwalla.

Shi kuwa abin ya tsone masa ido. Ya shigo ya kalla, ya fita ya kalla. "Bari in ɗan goge gefen nan, kada ya ja miki zane." Na ce to, gefen kawai. Kashegari na tarar da shi yana goge fuskar gadon da samfefa. Na ce, "Malam, ba haka muka yi da kai ba." Ya ce ai ƙura yake karkaɗewa. Ƙura da samfefa, jama'a!

Ranar da na je awo asibiti, tun daga zaure warin folish ya tarye ni. Na ɗaga labule, gabana ya faɗi. Guntayen nan masu launi daban-daban sun fito ras, suna sheƙi kamar da gangan aka jera su. Tun da nake ban taɓa mallakar abu mai kyau irin wannan ba. Na so shi, ba zan ɓoye ba, kuma na san mun shiga uku.

"Hannuna ne ya ƙi barinsa," in ji shi, yana sosa ƙeya.

Ba a daɗe ba wata hajiya ta zo ɗaukar durowarta, wadda kayanmu ke ciki. Ina kwashe su ina zubawa a ƙasa, ita idonta na wani wurin.

"Kafinta, wannan gadon fa? Na wa ne?"

"Na gida ne, Hajiya."

"To ka yi wa gida wani mana." Ta faɗi abin da za ta bayar.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Na san shirun nan sarai, kuma na san kuɗin haya ya matso. Hajiya ta ce bari ta duba ko motar za ta ɗauki biyun, ya bi ta waje.

Na jawo akwatin kayan aikinsa na zaro ƙusa, babba. Na kafa ta a fuskar gadon na ja da iyakar ƙarfina, daga wannan gefe har wancan. Na sake ja. Ƙarar ta shiga har haƙorana, hawaye na zuba, ban daina ba sai da na ji takunsu.

Hajiya ta kalli gadon, ta kalli ƙusar a hannuna, ta kalli cikina. Ta ja ƙaramin tsaki ta ce a fitar mata da durowarta.

Da motar ta tafi, ya dawo ya tsuguna gaban gadon. Ya daɗe yana bin zanen ƙusar da ɗan yatsa. Na jira faɗa, bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Zai gyaru," ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Na sani," na ce. "In ka gyara zan sake."