Reshen da Na Fita da Shi

Makarantarmu ba ta sakin matattunta. Idan ɗalibi ya mutu a ciki, sai a ce wa iyayensa guduwa ya yi. Tsohuwar makarantar mishan ce, ginin dutse, a gindin tsaunukan uKhahlamba, inda gajimare ke wuni a tsakar gida sai ka ce shi ma ɗan aji ne. Kowa a lardin yana son ɗansa ya shiga, don ba a taɓa jin ɗalibinta ya faɗi jarrabawa ba. Mu na ciki mun san dalili. Ranar jarrabawa sai ka ji sanyi a bayan kunne, wata murya ta raɗa maka amsa. Ba ma yin zancen ko a ɗakin kwana.

Ni Hlengiwe, kowa ya san ba ni da haƙuri, da faɗa muka saba da Thuba. Na iske shi da rana tsaka a ɗakin karatu, ya yi ɗare-ɗare a kujerata ta bakin taga, sanye da irin kwat ɗin da aka daina sawa tun kafin in shigo. Na wanke shi tas. Ya yi dariya ya ce ya riga ni kujerar da shekaru. Sai da na huce na lura numfashina yana yi wa gilashin tagar tururi, nasa ba ya yi.

Ya kamata in gudu. Washegari na dawo, jibi ma haka, kafin hutu ya zo na san ina sonsa, na kuma ji haushin kaina. Thubelihle Dlamini sunansa, zazzaɓi ya kashe shi a aji na ƙarshe. Shi ya gaya mini matattun ne ke raɗar nan, da abin da take ci musu: duk amsar da suka bayar, tana tafiya da wani abu nasu. Waɗanda suka daɗe sun ƙare, sun zama sanyin nan da muke ratsawa a baranda. Shi ya riga ya rasa fuskar mahaifiyarsa da sunan ƙauyensu. Hanyar dai tana nan, ya ce in zai taka ƙofar makaranta, ƙafarsa ta san inda za ta bi.

A wurinmu wanda ya mutu nesa da gida, da reshen umlahlankosi ake ɗauko kurwarsa, wata irin magarya mai ƙaya. A nan na gane abin da ya sa aka sare duk wata magarya daga shingen makaranta har bakin kogi. Da na je hutu na tambayi Gogo, kakata. Ba ta ce wa za ki ɗauko ba. Ta karyo reshe, ta gindaya mini sharaɗi: in kira shi da sunansa, in riƙa gaya masa kowace kwana da kowane kogi, kada in waiwaya, kada in yi wa mai rai magana sai na sauke shi a cikin gida. In na saɓa, nan zai tsaya har abada.

A cikin lema na shigo da reshen. Amma ba a buɗe mana ƙofa sai an gama jarrabawar ƙarshe, bangon kuwa ko kyanwa ba ta haura shi. Na roƙi Thuba ya kama bakinsa, ya bar ni in faɗi. Ya ce ba su da zaɓi, ana kaɗa ƙararrawa janyo su take yi zauren kamar awaki a igiya. Na cusa auduga a kunne, duk da haka na ji shi, muryarsa ta ratsa ta ƙashin kaina. Na rubuta amsar ina hawaye.

Ranar sallama da hantsi na je bakin tagar, na zaro reshen, na kira shi da cikakken sunansa na ce ya taso mu tafi. Reshen ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Na gaya masa muna sauka daga bene, na gaya masa mun wuce coci. A bakin ƙofa shugabar makaranta, Madam Mthethwa, tana sallamar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Idonta ya faɗa kan hannuna.

"Hlengiwe 'yata, ba ko sallama? Haka kakarki ta koya miki?"

Ban taɓa wuce babba ban amsa ba, harshena har ƙaiƙayi yake yi. Ta sake kira, da taushi, ta ce sakamakona zai fi na kowa, in tsaya ta sa mini albarka. Na damƙe reshen har ƙayar ta shiga tafin hannuna, na wuce.

A waje hanya ta rabu biyu, ɗaya ta haura tsauni, ɗaya ta gangara kogi.

"Thuba, mun fito. Ina muka nufa?"

Na ja na tsaya a mararrabar. Sannan ya ce, "Jiya da zan raɗa miki amsa, abu biyu suka rage mini, hanyar da sunanki. Dole ɗaya ya tafi, sai na saki hanyar."

"Kai wawa ne? Suna ai da na sake gaya maka!"

"Da sai in ji shi kamar na kowa."

Da yana da wuya da na shaƙe shi. 'Yan Dlamini sun fi rabin lardin, ba ni da bakin tambayar kowa, a bayana kuma ina jin takalmin Madam a kan tsakuwa yana matsowa. Gida ɗaya kawai na san hanyarsa, na Gogo, ta gangaren kogi. In na kai shi can ya zama namu, mahaifiyarsa kuma za ta mutu tana zaton guduwa ya yi ya bar ta. Na san haka, shi ma ya sani.

Na gyara riƙon reshen, jini na bin wuyan hannuna.

"Thuba, yanzu za mu gangara kogi. Ka riƙe ni sosai, akwai santsi."